Shirya gida da inshora kafin lokacin mahaukaciyar guguwa

Shirya gida da inshora kafin lokacin mahaukaciyar guguwa shi ne aikin da mazauna gaɓar tekun Atlantika da Mashigin Tekun Meziko a ƙasar Amurka, da kuma mutanen tsibiran Karibiyan, suke yi duk shekara domin rage ɓarnar da guguwa kan yi wa gidaje, da kuma tabbatar da cewa akwai wanda zai biya diyya idan ɓarnar ta auku. Aikin ya kasu gida biyu: ƙarfafa ginin kansa, da duba takardun inshora. A hukumance lokacin guguwa a tekun Atlantika yana farawa ranar 1 ga Yuni, ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba. Sai dai mafi yawan wannan shiri kafin lokacin ya kama ake yin sa, saboda akwai ƙa'idojin da ke hana sayen inshora da zarar guguwa ta doso.

Abin da ya fi rikita masu gidaje a Amurka shi ne, guguwa ɗaya tana zuwa da iska da ruwa a tare, amma inshora ta raba su. Takardar da ke biyan ɓarnar iska daban take, wadda ke biyan ɓarnar ambaliya daban. Saboda haka akan samu mutumin da ya shekara ashirin yana biyan kuɗin inshora ba fashi, ruwa ya ci gidansa, kamfani ya ce masa ba ya bin sa ko kwabo.

Lokacin guguwa da asalinta

Mahaukaciyar guguwa tana samun ƙarfinta ne daga ruwan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai kimanin digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos. Shi ya sa ta fi yawa daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da teku ya gama ɗaukar zafi, kuma ƙololuwar lokacin takan kasance wajen 10 ga Satumba. Bisa lissafin shekarun 1991 zuwa 2020, a matsakaici ana samun guguwa 14 da ake laƙaba wa suna a kowace shekara, bakwai daga cikinsu su zama mahaukata, uku kuma su kai matakin manya.

Mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa Amurka asalinsu daga Afirka ne. A lokacin damina, duk bayan kwana uku zuwa biyar wani tarin hadari yakan taso daga gabas, wajen tsaunukan Habasha da ƙasar Sudan, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, sannan ya faɗa teku ta wajen gaɓar Senegal. Da yawa daga cikinsu a teku suke mutuwa. Amma wanda ya samu ruwa mai ɗumi da iska mai kyau a kusa da tsibiran Cape Verde yakan fara juyawa yana girma yayin da yake tafiya yamma. Wato hadarin da ya zubar da ruwa a Damagaram ko Kano cikin watan Agusta zai iya zama shi ne, bayan mako biyu, yake yaye rufin gidaje a Florida.

Cibiyar Lura da Guguwa ta Ƙasa, wadda ke birnin Miami a ƙarƙashin hukumar NOAA, ita ke bin sawun guguwa tana fitar da gargaɗi. Ana ba guguwa suna idan gudun iskarta ya kai kilomita 63 a sa'a guda, ana kiran ta mahaukaciya idan ya kai kilomita 119. Daga nan ake rarraba ta zuwa matakai biyar a ma'aunin Saffir-Simpson, kuma mataki na biyar yana farawa ne daga kilomita 252 a sa'a guda. Wannan ma'auni iska kawai yake aunawa, bai ce komai a kan ruwa ba, alhali ruwan ne ya fi kisa. Binciken da cibiyar ta yi kan shekarun 1963 zuwa 2012 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na mutanen da guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka ruwa ne ajalinsu, kuma kusan rabi tumbatsar teku ce ta ci su, wato ruwan da iska ke turowa kan tudu. Guguwa mai mataki na ɗaya da ta tsaya wuri ɗaya tana zuba ruwa za ta iya yin ɓarnar da ta fi ta mai mataki na huɗu da ta wuce da sauri.

Inshorar gida ba ta biyan ambaliya

Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka tana biyan ɓarnar gobara da sata da iska. Idan iska ta yaye rufi, ruwan sama ya zubo ta wurin ya lalata silin da kayan ɗaki, wannan yana cikin abin da take biya, domin iskar ce ta buɗe wa ruwan hanya. Amma idan ruwan daga ƙasa ya taso, ko daga teku ne ko kogi ko kwatar da ta cika, ya shigo ta ƙofa, sunansa ambaliya, kuma kusan dukkan takardun inshorar gida sun cire shi ƙarara.

Dalilin haka tsoho ne. Kamfanonin inshora sun daɗe da gane cewa ambaliya ba gida ɗaya take ci ba kamar gobara, unguwa ko gari guda take haɗiyewa a rana ɗaya, kuma waɗanda ke zaune a bakin ruwa ne kawai za su nemi sayen kariyarta. Bayan guguwar Betsy ta 1965, wadda ta nutsar da sassan birnin New Orleans, majalisar dokokin Amurka ta kafa Shirin Inshorar Ambaliya na Ƙasa a 1968, wanda aka fi sani da NFIP. Yanzu hukumar agajin gaggawa ta FEMA ce ke gudanar da shi, ko da yake ta hannun kamfanoni da dillalan inshora na yau da kullum ake sayen takardar.

Shirin yana da iyaka. Ga gidan zama, ba ya biyan fiye da dala 250,000 a kan gini, da dala 100,000 a kan kayan cikin gida, kuma waɗannan biyun daban-daban ake sayen su. Ba ya biyan kuɗin otal ko hayar wani gida yayin da ake gyara. Abin da yake biya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne. Kayan ɗaki kuwa da darajarsu ta ranar da suka lalace ake lissafa su, ba da kuɗin sababbi ba. Wanda gidansa ya fi wannan iyaka tsada sai ya ƙara da inshorar ambaliya ta kamfanoni masu zaman kansu.

Ƙa'idar da ta fi shafar shiri ita ce ta jiran kwana 30. Sabuwar takardar NFIP ba ta fara aiki sai bayan kwana 30 da saye, in ban da wasu 'yan lokuta, kamar wanda ya saye ta yayin karɓar bashin sayen gida. Wanda ya saya ranar 1 ga Agusta ba shi da kariya sai ƙarshen watan. Tun da hasashen inda guguwa za ta faɗa ba ya wuce 'yan kwanaki, wanda ya jira sai ya ga guguwar a talabijin ya makara. Kamfanonin inshorar gida ma suna da tasu ƙa'idar: da zarar an fitar da gargaɗin guguwa a wani yanki, sukan dakatar da sayar da sababbin takardu ko ƙara wa tsofaffi ƙarfi har sai ta wuce.

FEMA tana buga taswirori masu nuna wuraren da ke da babban haɗarin ambaliya, wato inda yiwuwar aukuwarta ta kai kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara. Mutane kan kira wannan ambaliyar shekara ɗari, kuma sunan yana yaudara. Kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara yana nufin kusan kashi 26 cikin ɗari a tsawon shekara 30, wanda shi ne wa'adin da aka saba biyan bashin gida a Amurka. Tun daga 1973 doka ta wajabta inshorar ambaliya ga wanda ke cikin irin wannan yanki idan bashin gidansa yana da alaƙa da gwamnatin tarayya. Wanda ke wajen yankin ba a tilasta masa ba, kuma mafi yawansu ba sa saye, suna ɗaukar cewa taswirar ta wanke su. Amma aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatun diyyar da NFIP ke karɓa daga wajen waɗannan yankuna suke fitowa.

An ga haka a guguwar Harvey a watan Agustan 2017, wadda ta tsaya a kan kudu maso gabashin Texas na kwanaki, ta zubar da ruwan da ya wuce mita ɗaya da rabi a wasu wurare. Mafi yawan gidajen da ruwa ya shiga a yankin Houston ba su da inshorar ambaliya. An sake ganin haka a watan Satumban 2024, lokacin da guguwar Helene ta faɗa Florida sannan ta haura cikin ƙasa ta yi mummunar ambaliya a tsaunukan yammacin jihar North Carolina, wajen birnin Asheville, ɗaruruwan kilomitoci daga teku. Ƙalilan ne a can suke da inshorar ambaliya, domin ba wanda ya ɗauki garin da ke kan tsauni a matsayin garin guguwa.

Rigimar iska da ruwa

Rabuwar inshorar gida biyu takan haifar da shari'a idan iska da ruwa suka haɗu a kan gida ɗaya. Misalin da aka fi sani shi ne na guguwar Katrina, wadda ta faɗa jihohin Louisiana da Mississippi ranar 29 ga Agusta, 2005. A gaɓar Mississippi tumbatsar teku ta kai kusan mita takwas a wasu wurare, kuma gidaje da dama ba abin da ya rage daga cikinsu sai daɓen siminti. Masu gidajen suka ce iska ce ta fara rushe su kafin ruwa ya iso. Kamfanoni suka ce ruwa ne. Tun da babu bango babu rufi da za a duba, hujja ta yi wuya ga kowane ɓangare. Takardu da yawa kuma suna ɗauke da wani sharaɗi da ke cewa idan abin da aka cire, wato ambaliya, ya haɗu da abin da ake biya, wato iska, wajen haifar da ɓarna ɗaya, kamfani ba zai biya ba. Dubban mutane sun garzaya kotu, cikinsu har da Sanata Trent Lott na Mississippi, wanda guguwar ta share gidansa a Pascagoula, ya kuma kai kamfanin inshorarsa ƙara. Shari'o'in sun ɗauki shekaru. Wanda ke da takardun biyu, ta iska da ta ambaliya, shi ne wannan gardama ba ta cika cutarwa ba, domin duk wanda aka ɗora wa laifin cikin iska da ruwa akwai mai biya.

A wasu yankunan bakin teku ma iskar kanta an cire ta daga inshorar gida, sai an saye ta daban. A Texas, ƙungiyar inshorar iska ta jihar, TWIA, wadda aka kafa a 1971 bayan guguwar Celia ta ɓarnata birnin Corpus Christi, ita ke sayar da kariyar iska a gundumomi 14 na bakin teku da wani sashe na gundumar Harris ga waɗanda kamfanoni suka ƙi. Mai gida a Galveston zai iya kasancewa da takardu uku a kan gida ɗaya.

Kason mai gida

Kowace takardar inshora tana da wani adadin kuɗi da mai gida zai fara ɗauka da kansa kafin kamfani ya biya sauran. Ga gobara ko sata, wannan kaso ƙayyadadden kuɗi ne, misali dala 1,000. Amma ga mahaukaciyar guguwa, a jihohin gaɓar Atlantika da Mashigin Meziko, galibi da kashi cikin ɗari ake lissafa shi, kuma na darajar da aka yi wa ginin inshora ne, ba na ɓarnar da aka yi ba. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure.

Alal misali, gidan da aka yi wa inshorar dala 300,000, idan kason mai gida kashi 2 cikin ɗari ne, zai ɗauki dala 6,000 na farko. Idan kashi 5 ne, dala 15,000. To idan guguwa ta yi wa rufinsa ɓarnar dala 12,000, mai kashi 2 zai karɓi dala 6,000, mai kashi 5 kuwa ba zai karɓi komai ba. Babban kaso yana rage kuɗin da ake biya duk shekara, shi ya sa mutane ke zaɓarsa, amma ba shi da amfani ga wanda bai ajiye wannan kuɗi a gefe ba. Dokar Florida ta tanadi zaɓin dala 500, ko kashi 2, ko 5, ko 10 cikin ɗari. Bayan shekarar 2004, lokacin da guguwa huɗu, Charley da Frances da Ivan da Jeanne, suka afka wa jihar cikin mako shida, wasu masu gidaje suka ɗauki kason sau biyu ko fiye, sai aka gyara dokar ta zama sau ɗaya ake ɗaukarsa a shekara. Don haka ake ba mutane shawarar su kai rahoton ko da ƙaramar ɓarna ce, domin a lissafa ta idan wata guguwar ta biyo baya.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake dubawa a takardar. Na farko, ko za ta biya kuɗin sabon abu ne, ko darajar tsohon bayan an cire tsufansa. Rufin da ya shekara goma sha biyar, idan da darajarsa ta yanzu za a biya, kuɗin ba zai yi sabon rufi ba. Na biyu, ko adadin da aka rubuta zai isa a sake gina gidan a farashin yau. Ba kuɗin sayen gidan ake nufi ba, domin wancan ya haɗa da fili, kuma bayan babbar guguwa kuɗin kayan gini da na ma'aikata yakan yi tashin gwauron zabi.

Guguwar Andrew da kasuwar inshorar Florida

Yawancin waɗannan ƙa'idoji sun samo asali ne daga guguwar Andrew, mai mataki na biyar, wadda ta faɗa garin Homestead a kudancin Miami ranar 24 ga Agusta, 1992. Ta rushe gidaje fiye da 25,000, ta lalata wasu kimanin 100,000, kuma diyyar da kamfanonin inshora suka biya ta haura dala biliyan 15, adadin da ba su taɓa tsammani ba. Kamfanoni da dama sun durƙushe, manya kuma suka fara janye jiki daga jihar. A 1993 Florida ta kafa asusun da ke tallafa wa kamfanonin inshora idan babbar guguwa ta auku, a 2002 kuma ta kafa kamfanin Citizens, na jiha, domin waɗanda suka rasa mai yi musu inshora.

Matsalar ba ta ƙare ba. A shekarar 2022 kaɗai, shekarar guguwar Ian, kamfanonin inshorar gida shida ne suka karye a Florida, kuma a 2023 yawan takardun da ke hannun Citizens ya kai kusan miliyan 1.4. Jihar Louisiana ma ta rasa kamfanoni fiye da goma bayan guguwar Laura ta 2020 da Ida ta 2021. Kuɗin inshorar gida a waɗannan jihohi yana cikin mafi tsada a Amurka, har wasu waɗanda suka gama biyan bashin gidajensu, kuma babu bankin da ke tilasta musu, suka daina yin inshorar gaba ɗaya. A ɓangaren ambaliya, daga Oktoban 2021 FEMA ta fara sabon tsarin ƙayyade farashi da ke duba haɗarin kowane gida shi kaɗai, abin da ya ɗaga kuɗin gidaje da yawa na bakin teku.

Ƙarfafa ginin

Binciken da aka yi bayan Andrew ya gano cewa ba ƙarfin iska kaɗai ya rushe gidajen ba, har da aikin ha'inci. An samu rufin da aka manna da ƙananan ƙarafunan matse katako maimakon ƙusa, wasu ma ba su kama katakon da ke ƙasa ba. Wannan ya kai ga dokar gini ta jiha baki ɗaya da ta fara aiki a 2002, tare da ƙa'idoji mafi tsauri ga gundumomin Miami-Dade da Broward.

Gida yakan rushe a guguwa ne ta hanyar da aka sani. Iskar da ke wucewa ta saman rufi tana ɗaga shi sama. Idan taga ta fashe ko ƙofa ta ɓalle, iska ta shiga ciki, sai ta riƙa tura rufin daga ƙasa yayin da ta waje ke jan sa daga sama. Da rufi ya tashi, bango ya rasa abin da ke riƙe da shi. Saboda haka aikin ƙarfafa gida ya ta'allaƙa ne kan abu biyu: ɗaure rufi da bango, da hana iska shiga.

Ana ɗaure katakon rufi da bango da wasu ƙarafuna na musamman, a kafe allunan rufin da ƙusoshi masu zobba waɗanda ba sa zarewa da sauƙi, sannan a liƙe mahaɗar allunan da wani abu mai hana ruwa, ta yadda ko saman rufin ya yaye ruwa ba zai zubo ba. Rufin da ya gangara ta kusurwa huɗu ya fi jure iska a kan mai gangara biyu. Tagogi kuwa ana sa musu murfin ƙarfe, ko gilashi mai jure duka, ko kuma, ga mai ƙaramin ƙarfi, allon katako mai kaurin kimanin milimita 16, wanda ya kamata a yanka a huda tun kafin lokaci, domin idan guguwa ta doso shaguna kan ƙare da shi. Ƙofar garejin mota ita ce mafi faɗi kuma sau da yawa mafi rauni a gidan Amurka, ana ƙara mata ƙarafunan tokare ko a sauya ta. Manna salatif a jikin gilashi, wanda har yanzu wasu ke yi, ba ya hana shi fashewa. Haka ma buɗe taga wai don iska ta samu hanyar wucewa, wannan gayyato ta ciki ne.

Lokacin da guguwar Michael, mai mataki na biyar, ta share garin Mexico Beach a arewa maso yammacin Florida a watan Oktoban 2018, hoton wani gida guda da ya tsaya cak a bakin teku, kewaye da kufai, ya zagaya duniya. An gina shi da kankare mai rodi a kan dogayen ginshiƙai, fiye da abin da doka ta nema. Ruwan teku ya wuce ta ƙarƙashinsa. Maganin ambaliya na gaskiya ke nan, wato ɗaga gida sama, sai dai yana da tsada ƙwarai. Abin da ya fi sauƙi shi ne ɗaga na'urar sanyaya ɗaki da akwatin wutar lantarki daga ƙasa.

Wannan aiki yana rage kuɗin inshora. A Florida doka ta wajabta wa kamfanoni su yi rangwame ga gidan da ƙwararren mai duba gini ya tabbatar yana da irin waɗannan abubuwa, kuma jihar tana da shirin ba da tallafin da ya kai dala 10,000 don yin su. Jihar Alabama ma tana da irin wannan tallafi na gyaran rufi zuwa wani mizani mai suna FORTIFIED.

Idan guguwa ta doso

Cibiyar Miami tana fitar da sanarwa iri biyu. Ta farko, ta a zauna cikin shiri, tana fita kimanin sa'a 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso. Ta biyu, gargaɗi, sa'a 36. A wannan tazara ake rufe tagogi, a shigar da kujerun waje da kwandunan shara da duk abin da iska za ta iya mayarwa makami, a share magudanun ruwa, a cika tankin mota. Sare rassan bishiya kuwa aikin watannin baya ne, domin rassan da aka tara a bakin titi ana gobe guguwa ba mai kwashe su. Hukumomi suna ba da shawarar a tanadi ruwan sha kusan lita huɗu ga kowane mutum a kowace rana, da abincin da ba ya lalacewa, da magunguna, da tocila da batir, da tsabar kuɗi, tun da na'urorin cirar kuɗi ba sa aiki idan babu wuta.

Ta fuskar inshora, aikin da ya fi muhimmanci a wannan lokaci ba ya cin ko sisi: a zagaya gidan da waya ana ɗaukar bidiyon kowane ɗaki, da cikin kabad, da rufi da bango daga waje, a ajiye shi a intanet tare da hoton takardun inshora da rasit na kaya masu tsada. Wanda ba shi da shaidar yadda gidansa yake kafin guguwa yakan sha wuya idan kamfani ya ce ɓarnar tsohuwa ce. Mota kuwa ba ta cikin inshorar gida ko ta ambaliya. Sai mai cikakkiyar inshorar mota ake biya idan ruwa ya cinye ta.

Umarnin ƙaura ya dogara ne da yankunan da hukumomin gunduma suka shata bisa haɗarin tumbatsar teku, kuma waɗannan yankuna ba ɗaya suke da na taswirar inshora ba. Mazauna gidajen tafi-da-gidanka akan umarce su da su fita ko a wane yanki suke. Gida mai ƙarfi yana kare mutum daga iska, amma ba ya kare shi daga ruwa: yawancin waɗanda guguwar Ian ta kashe kai tsaye a yankin Fort Myers a watan Satumban 2022 nutsewa suka yi. Bayan guguwa kuma akwai haɗarin janareta. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba da ba ta da wari, wadda ta kashe mutane da dama a Louisiana bayan guguwar Laura. Ana kunna shi ne a waje, nesa da tagogi da aƙalla mita shida.

Neman diyya

Takardar inshora ta ɗora wa mai gida alhakin hana ɓarna ƙaruwa, misali ya rufe rufin da ya yaye da tamfol, ya ajiye rasit. Sai dai ba a fara babban gyara kafin jami'in kamfani ya zo ya ƙiyasta ɓarnar, kuma duk abin da dole a zubar, kamar kafet da ya jiƙe ya fara funfuna, sai an ɗauki hotonsa tukuna. Akwai wa'adi. NFIP tana buƙatar takardar shaidar asara cikin kwana 60, ko da yake FEMA takan tsawaita bayan manyan bala'o'i. A Florida, dokar da aka yi a ƙarshen 2022 ta rage wa'adin shigar da sabuwar buƙata zuwa shekara ɗaya. Dokar ta kuma hana, a sababbin takardu, al'adar da mai gida ke sa hannu ya miƙa wa ɗan kwangila haƙƙinsa na karɓar diyya, al'adar da ta jawo ɗimbin ƙararraki a kotunan jihar. 'Yan kwangilar bogi da ke bin gida-gida bayan guguwa suna karɓar kuɗin kafin alƙalami su ɓace sanannen abu ne a duk jihohin gaɓar teku.

Wata ƙa'ida da kan zo wa mutane ba zato ita ce ta kashi 50 cikin ɗari. A yankin babban haɗarin ambaliya, idan kuɗin gyara ya kai rabin darajar ginin, ba a yarda a mayar da shi yadda yake ba, sai an daidaita shi da dokar yanzu, wanda galibi ke nufin ɗaga shi sama. NFIP tana ba da ƙarin da bai wuce dala 30,000 ba don wannan aiki, abin da ba kasafai yake isa ba. Wannan ya sa tsofaffin mazauna da dama a Fort Myers Beach suka sayar da filayensu bayan Ian.

Tallafin FEMA ba ya maye gurbin inshora. Ba a ba da shi sai shugaban ƙasa ya ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya afka wa, an tsara shi ne don gida ya zaunu, ba don a mayar da shi yadda yake ba, kuma iyakarsa a 2024 dala dubu arba'in da 'yan kai ce, yawancin mutane kuma ƙasa da haka sosai suke samu. Babban kuɗin da gwamnatin tarayya ke bai wa masu gidaje bashi ne mai ƙaramin ruwa, wanda ake biya a kan bashin gidan da ke wuyan mutum tun farko.

Masu haya da tsibiran Karibiyan

Inshorar mai gidan haya ginin kawai take karewa. Ɗan haya da bai yi tasa ba, babu mai biyan sa kayansa, kuma shi ma sai ya sayi ta ambaliya daban, wadda NFIP ke sayarwa a kan kaya kaɗai.

A tsibiran Karibiyan guguwar ɗaya ce amma yanayin ya bambanta, domin gidaje da yawa ba su da inshora ko kaɗan. Bayan guguwar Maria ta 2017 a Puerto Rico, an ƙi amincewa da buƙatun tallafi masu yawa saboda masu gidajen ba su da takardar mallaka. Gidajen gado ne ko waɗanda aka gina ba da izini ba. Gwamnatocin yankin kuwa tun 2007 suna da wani asusun haɗin gwiwa mai suna CCRIF, wanda ba ya jiran a ƙiyasta ɓarna. Yana duba ƙarfin guguwar da inda ta bi, idan sun kai mizanin da aka amince da shi, sai ya biya gwamnatin ƙasar cikin kwana 14.